AOC ta nemi shugaban ƙasa a 2028, ko ta nemi kujerar Schumer?

Direban Parkchester ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu bin siyasar Amurka ce, na nan Niyok da na sauran jihohi har da na gida. Shin ya dace Alexandria Ocasio-Cortez, 'yar Majalisar Wakilan Amurka daga Niyok wadda kowa ke kira AOC, ta shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat don neman shugabancin ƙasa a 2028? Ko kuwa ta haƙura ta nemi kujerar sanatan jihar Niyok da Chuck Schumer ke kai, wadda ita ma a 2028 ɗin wa'adinta zai cika? Ita dai ba ta fito ta ce ga wadda take so ba. Amma tun da Zohran Mamdani ya ci magajin garin Niyok a Nuwamban 2025, maganar nan ta ƙi barin bakin mutane.

Ni ɗan mazaɓarta ne, a Parkchester da ke Bronx nake zaune, tasi nake ja. Na faɗi haka ne saboda mutanenmu da yawa da ke Bronx suna cewa "'yar majalisarmu", alhali waɗanda ke Morrisania da Tremont galibinsu na Ritchie Torres ne, shi kuwa tafiyarsa daban da tata, musamman a kan Isra'ila.

Ga hujjar masu cewa ta shiga. Shekarunta za su kai 39 ranar zaɓe, tsarin mulki 35 ya nema, to babu cikas ta nan. Kuɗi tana da su, kuma ba na attajirai ba: a watanni ukun farko na 2025 ta tara dala miliyan 9.6, yawanci daga masu ba da 'yan daloli ashirin-ashirin. Wannan na gani da idona. A wurin da muke jiran layi a filin jirgin sama na LaGuardia, inda muke shimfiɗa kwali tsakanin motoci mu yi la'asar, wani abokin aikina ɗan Bangaladesh ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini dala 10 da ake cire masa duk wata a tura mata. Mutumin da ke ƙulla shinkafarsa daga gida don kada ya sayi abinci a waje. Sannan ga jama'a. Yawon da suka yi da Sanata Bernie Sanders a 2025 ya tara mutum kimanin dubu 34 a Denver a cewar masu shiryawa, kuma sun cika ɗakunan taro har a Idaho da Montana, inda ɗan Dimokurat ba ya cika leƙawa. Shi Sanders an haife shi a 1941, ba zai sake tsayawa ba. Mamdani kuwa a Kampala aka haife shi, tsarin mulki ya rufe masa wannan ƙofar. To wa ya rage wa masu ra'ayin kawo sauyi in ba ita ba? Haka 'yata ke tambayata kullum a kan tebur, ita da take ganin AOC ba ta taɓa laifi ba.

Ni kuma raina ya fi kwanta wa kujerar sanata. Dalilina, ɗan Majalisar Wakilai mai ci bai taɓa tsallakawa kai tsaye zuwa fadar shugaban ƙasa ba sai mutum ɗaya, James Garfield, shi ma a 1880. Ita kuma AOC ba ta taɓa cin zaɓen da ya wuce mazaɓa ɗaya ba. Nasarar da ta fito da ita duniya, wadda ta kayar da Joe Crowley a Yunin 2018, da ƙuri'a ƙasa da dubu 17 ta same ta. Ba raina ta nake ba, mutumin shi ne na huɗu a manyan jam'iyya a majalisa, ita kuwa daga aikin gidan abinci ta fito. Amma tsakanin Bronx da Queens zuwa jihohi 50 akwai tafiya. Shi kuma Schumer tun Janairun 1999 yake wannan kujera, zai cika 78 a watan zaɓen, kuma 'yan jam'iyyarsa sun cika da shi tun Maris ɗin 2025 da shi da wasu tara daga ɓangarensa suka buɗe wa kasafin 'yan Rifablikan hanya. Ko Mamdani, ɗan takarar jam'iyyarsa a garinsa, ƙin mara masa baya ya yi har aka gama zaɓe. Kujerar nan tana iya samuwa, kuma shekara shida ce, ba biyu ba.

Sai dai akwai abin da ke ɗaure mini kai, shi ya sa na kawo maganar nan maimakon in yi ta musu da yarinya. Mu direbobi ba za mu manta da 2021 ba. Medaliyan, wato ƙarfen lasisin da ake mannawa a gaban tasi, ya haura dala miliyan 1 a 2014, mutane suka ci bashi suka saya, sannan Uber ta zo farashin ya rushe. Akwai direbobin da suka kashe kansu a 2018 saboda ƙuncin sana'ar. Da aka yi yajin cin abinci na kwana 15 a gaban ofishin magajin gari, Mamdani yana cikin masu yunwar, amma Schumer yana cikin waɗanda suka matsa aka zauna aka mayar da bashin dala dubu 170, ana biyan 1,122 a wata. Ni haya nake yi, ba ni da medaliyan, amma maƙwabcina da gidansa ya kusa tafiya yana da shi. In AOC ta tasar wa dattijon nan, shi wannan maƙwabcin nawa ban san inda zai dangwala ba. To ku ba ni naku ra'ayin.

Hajiyar Columbia ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ni a Karolina ta Kudu nake, aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, kuma yawancin waɗanda nake kula da su baƙaƙen fata ne 'yan gari, tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya. Ku na Niyok kuna ganin taron mutane ku ce an gama. Ku zo nan ku ga inda ake binne takara.

A 2016 Sanders ya lallasa Hillary Clinton a New Hampshire, ya iso nan da ƙarfinsa, aka ba shi kashi 26 ita ta kwashe 73. A 2020 ya fi kowa ƙuri'a a Ayowa da New Hampshire da Nebada, jaridu har sun fara rubuta shi ne ɗan takara. Sai Jim Clyburn, ɗan majalisa baƙar fata mai faɗa-a-ji a jiharmu, ya fito kwana uku kafin zaɓenmu ya ce Biden, ranar 29 ga Fabrairu Biden ya ci da wajen kashi 48, Sanders bai kai 20 ba. Kafin Talatar da jihohi da yawa ke zaɓe tare, Buttigieg da Klobuchar sun janye sun bi Biden, shi ke nan. Baƙaƙen fata sun haura rabin masu zaɓen fid da gwani a nan, kuma haka lamarin yake ko kusa da haka a Alabama da Jojiya da Misisipi.

Wata tsohuwa da nake yi wa wanka, ta haura 80, tana da hoton Obama a falo kusa da na jikokinta. Ranar da aka nuna AOC a talabijin tana jawabi, ta saurara har ƙarshe, ta ce yarinyar nan tana da kai, tana burge ta. Na ce to Mama za ki zaɓe ta? Ta ce a'a. Ta ce ita ba wanda take so take zaɓa ba, wanda take ganin farar fatan Pensilbaniya da Wiskonsin za su iya haɗiyewa take zaɓa, domin in an faɗi ita da jikokinta ne a ƙasa. Wannan tunanin ba jahilci ba ne, Malam, wuya ce ta koya musu. Kuma sun ga mace ta tsaya sau biyu ta faɗi a hannun mutum ɗaya, wato Trump, 2016 da 2024. Ko ba a faɗa a fili ba, yana zukatansu.

Sannan kowa Mamdani, Mamdani. A daren da ya ci, Abigail Spanberger ta ci gwamnan Bajiniya, Mikie Sherrill ta ci na New Jersey, dukansu masu sassaucin ra'ayi ne, kuma da tazara mai kyau. Shi kuwa a birnin da 'yan Dimokurat suka yi wa kowa rinjaye, kashi 50 da ɗan ɗoriya ya samu. Ban ce bai yi ƙoƙari ba, na yi murna kamar kowane Musulmi. Amma Niyok ba Amurka ba ce.

Ta je ta ci sanata, ta zo nan ta shiga coci-coci da taron suyar kifi da Clyburn ke shirya wa 'yan siyasa ana saninta, ba sai ana saura wata uku zaɓe ba. In Allah ya kai mu 2032 ko 2036 ba ta kai 50 ba.

Baba Na Gwammaja ya amsa:

Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, a Kano nake, rediyo da wayar jikana ne malamaina. Amma irin wannan gardamar mun yi ta muna samari, shi ya sa na sa baki.

Kuna ta lissafin za ta ci ko ba za ta ci ba. Ni ban ga wannan ne kaɗai ma'aunin takara ba. A 1979 da Malam Aminu Kano ya tsaya shugaban ƙasa a PRP, babu mai hankalin da ya ɗauka zai kayar da Shehu Shagari da Awolowo da Azikiwe duka. Wajen kashi 10 ya samu a ƙasa baki ɗaya. Amma jam'iyyar da ya ja ta ba mu gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, kuma su suka soke haraji da jangali da talaka ya yi shekaru yana kuka a kansu. Da Malam ya zauna yana jiran ranar da lissafi zai nuna zai ci, da har ya koma ga Allah a 1983 bai tsaya ba.

Kuma ba sai na ɗauko namu ba, ku dubi nasu. Jesse Jackson, mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya tsaya a 1984 ya zo na uku, ya sake tsayawa a 1988 ya zo na biyu da ƙuri'a kusan miliyan 7, har Mishigan ya ci. Bai samu tuta ba, amma ya matsa wa jam'iyya ta koma raba daliget gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu, kuma wannan ƙa'idar tana cikin abin da ya taimaki Obama a kan Hillary a 2008. Shi ma Sanders da Hajiya ke ba da labarin faɗuwarsa, ya ci jihohi fiye da 20 a 2016, ya sa jam'iyya ta rubuta mafi ƙarancin albashi na dala 15 a manufofinta, kuma saboda ƙorafin mutanensa aka hana manyan jam'iyya masu kujerar alfarma jefa ƙuri'a a zagayen farko tun 2018. Ita kanta AOC ɗin a yaƙin neman zaɓensa ta yi aikin sa-kai kafin kowa ya san ta. Ashe faɗuwar tasa ta haifi wani abu.

Abu na biyu, Hajiya ta ce ta jira 2032. 'Yata, siyasa ba ta ajiye wa mutum wurinsa. Ki tuna Sanata Elizabeth Warren. Daga Disambar 2014 ƙungiyoyi irin su MoveOn suka yi ta roƙonta ta fito, har ofisoshi suka buɗe mata a Ayowa, ta ce a'a, suka naɗe tabarmarsu a Yunin 2015. Jama'ar da ta taru dominta Sanders ya gada. Da ta shirya a 2020, ko a jiharta Massachusetts ta uku ta zo. Obama kuwa shekara biyu kacal ya yi a Majalisar Dattawa ya fito a Fabrairun 2007, manya na ce masa bai isa ba. In ɗan Dimokurat ya ci 2028, kujerar ta rufe sai 2036, kuma kafin nan an haifi wasu taurarin.

Ni dai in ni ne ubanta, zan ce ta shiga.

Hajiyar Columbia ta amsa:

Allah ya ƙara girma Baba. Amma ku duba, Obama da kuka kawo sanata ne lokacin da ya fito, ya riga ya ci jihar Illinois sukutum. Abin da nake so ta fara yi ke nan. Kuma Jackson da Sanders ba su rasa komai ba da suka faɗi, shi Jackson ba shi da kujera, shi Sanders ya koma tasa. Ita in ta shekara tana zagaye Ayowa, wani ne zai tasar wa Schumer, ta dawo ba tsuntsu ba tarko.

Ɗalibin Dearborn ya amsa:

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni karatu ya kawo ni Mishigan, ba ni da ƙuri'a, amma ina zaune cikin Larabawan Dearborn, kuma ina so in gyara wani zato da nake ji a bakin mutanenmu, cewa Musulmi duk suna bayanta. Ba haka ba ne.

A nan mutane suna da lissafinta a kai. A Satumbar 2021 da aka kawo kuɗin Iron Dome, makaman kare sararin Isra'ila, ta fara jefa "a'a", sannan ta canza zuwa "ina nan" tana hawaye, ba ta goyi baya ba, ba ta ƙi ba. A Maris ɗin 2024 ta tsaya a zauren majalisa ta kira abin da ake yi a Gaza kisan ƙare dangi, aka yaba mata. Sai a babban taron jam'iyya a Shikago cikin Agusta ta hau mumbari ta ce Kamala Harris na aiki ba dare ba rana don a tsagaita wuta, a taron da aka hana Bafalasɗine ko ɗaya yin magana. Gaskiya ta goyi bayan a ba su dama, amma wannan jimlar ita mutane suka riƙe. A Yulin 2025 kuma ta ƙi goyon bayan gyaran da Marjorie Taylor Greene 'yar Rifablikan ta kawo na yanke dala miliyan 500 na kariyar makamai masu linzami ga Isra'ila, duk da ta ƙi kasafin gaba ɗayansa daga baya. Ilhan Omar da Rashida Tlaib, 'yan majalisa Musulmi, sun goyi bayan gyaran. Kwanaki kaɗan aka watsa wa ofishin kamfen ɗinta na Bronx jan fenti. Ko DSA, ƙungiyar 'yan gurguzun da ta fito daga ciki, uwar ƙungiyar ta janye mata goyon baya a 2024.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lissafin zaɓe. A Fabrairun 2024 mutum fiye da dubu 100 a jihar nan suka fita cikin sanyi suka ƙi zaɓen Biden, suka dangwala wa "ba kowa". A Nuwamba Trump ya ci Dearborn da wajen kashi 42, Harris 36, Jill Stein 18, kuma jihar duka da tazarar kimanin dubu 80 ta tafi.

Duk da haka, ga abin da zai ba ku mamaki, ni ina tare da Baba. Ku dubi sunayen da ake ambata: Gavin Newsom, Josh Shapiro, Pete Buttigieg, JB Pritzker, wataƙila Harris kuma. In babu irin AOC a kan dandalin muhawara, wa zai tilasta musu su amsa tambayar makaman da ake aikawa? Wa zai ta da maganar hana shiga ƙasa? Tun Yunin 2025 'yan Chadi da Sudan an rufe musu ƙofa, a Disamba aka ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso, Najeriya ma aka sa mata takunkumi a kan wasu nau'o'in biza. Ƙanena da ya samu gurbin karatu yana gida zaune. A tsarin jam'iyyar Dimokurat duk wanda ya kai kashi 15 a jiha yana samun daliget, wanda ya je babban taro da daliget ɗari-ɗari kuwa dole a zauna da shi. Haka aka yi a 2020, Biden ya kafa kwamitocin haɗin gwiwa da Sanders, ita AOC ɗin ta jagoranci na sauyin yanayi tare da John Kerry. Kuma takarar za ta tilasta mata ita ma ta tsaya wuri ɗaya a kan Gaza, ta daina taka ƙafa ɗaya nan ɗaya can. A kujerar sanatan Niyok kuwa, ina tsoron ƙara laushi za ta yi.

Alhaji Mai Shago ya amsa:

Ni kam kada ta shiga ko ɗaya, ta zauna inda take. Ina da shagon kayan abincin Afirka, na san abin da ake ciki. A Fabrairun 2019 Amazon ta fasa kafa babban ofishinta a Long Island City, ayyuka dubu 25 suka tafi, ita tana cikin masu murna. Za ku ce ai tallafin kusan dala biliyan 3 aka so a ba kamfanin, na sani, amma yaranmu da suka karanta kwamfuta fa? Sannan kada mu yaudari kanmu, a kan tarbiyya da abin da ake koya wa yara a makaranta game da jinsi, ra'ayinta da namu hannun riga ne. A mazaɓarta kanta Trump ya tashi daga wajen kashi 22 a 2020 zuwa 33 a 2024, har ta hau Instagram tana tambayar waɗanda suka zaɓe ta suka kuma zaɓe shi dalilinsu. In ta samu tuta, hoton "a rage kuɗin 'yan sanda" kawai za a yi ta nunawa har Nuwamba, JD Vance na Rifablikan, mataimakin Trump, ya wuce salin alin. A 1972 sun gwada irin wannan da George McGovern, jihohi 49 ya faɗi.

Direban Parkchester ya amsa:

Na gode muku duka, Allah ya saka.

Alhaji, abin da ka kawo na mazaɓarmu ni akasin haka nake karanta shi. A zaɓen da Harris ta zubar da ƙuri'u a unguwanninmu, ita AOC ta ci da wajen kashi 69. Wato akwai mutanen da suka dangwala wa Trump a sama suka sauko suka dangwala mata. Na ɗauki irinsu a mota, magina da masu gadi, suna cewa su biyun ne kawai ba sa magana kamar an rubuta musu. Wannan ai ƙarfi ne. Maganar tarbiyya kuwa gaskiyarka, amma duk sunayen da ɗalibi ya jero babu wanda ya bambanta da ita a nan, in wannan ne ma'auni to jam'iyyar duka za ka bari.

Baba, ku gafarce ni, labarin da kuka bayar bai ƙare a 1979 ba. Balarabe Musa ya ci gwamna, amma majalisar Kaduna ta NPN ce. Sun ƙi tabbatar masa da kwamishinoni, suka tsige shi a Yunin 1981. Ni wannan ɓangaren ya fi tsaya mini. A ce ma AOC ta ci shugaban ƙasa, inshorar lafiya ga kowa da take faɗa, da wa za ta zartar? A Majalisar Dattawa yawancin dokoki sai da ƙuri'a 60. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 tun 2009, kuma da Sanders ya kawo na dala 15 a Maris ɗin 2021, lokacin Biden na mulki, takwas daga ɓangarensu suka ƙi. A can abin yake maƙalewa. Ko a Majalisar Wakilai, da ta nemi jagorancin 'yan jam'iyyarta a kwamitin sa ido a Disambar 2024, abokan aikinta suka zaɓi Gerry Connolly, 131 da 84, yana da shekara 74 yana fama da ciwon daji. Wadda ba ta gama shawo kan 'yan ɗakinsu ba, ina ganin akwai sauran aiki a ƙasa.

Ƙanena na Dearborn, tsoronka na ta yi laushi a kujerar Niyok ban raina shi ba. Amma ka tuna Mamdani bai canza bakinsa a kan Falasɗinu ba, ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 1 a birnin da ya fi kowane birni a wajen Isra'ila yawan Yahudawa. Kuma dandalin muhawara ba zai zama babu kowa ba, ana ambatar ɗan majalisa Ro Khanna, shi ma yana wannan layin.

Ina nan a kan sanata. Maƙwabcina mai medaliyan na tambaye shi jiya a bakin masallaci, ya ce shi Schumer zai yi ko da shi kaɗai ne a layi, bashinsa ne ya ragu ba na wani ba.

Hajiya, tsofaffin nan naku, in Clyburn ya ce ga wanda za a bi a 2028, har yanzu za su bi? Ko jikokin sun fara jan su wani wajen?

Hajiyar Columbia ta amsa:

Tsofaffin za su bi, Malam, ko shakka babu. Jikokin ne ba su da tabbas, rabinsu ma ba sa fita zaɓen fid da gwani. Akwai jikan tsohuwar nan da na ba ku labari, yana aiki a gidan ajiye kaya, duk bidiyon AOC yana wayarsa, amma kakarsa ta ce ko rajista bai sabunta ba tun da ya canza gida. Ita kuwa ranar zaɓe ƙarfe bakwai na safe ta riga ta sa hularta ta coci tana jirana in tura kekenta.